Muhawara: Mu ke zaɓar abin da muke saye, ko zaɓar mana ake yi?

Bakabe (Birnin Kebbi):

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai tambayar da nake son mu tattauna a zauren nan a tsanake, domin ta shafi aljihun kowannenmu: idan mutum ya tsaya a gaban kaya da kuɗinsa a hannu, mene ne ainihin abin da ke sa ya ɗauki wannan ya bar wancan? Zan kafa hujjata da shinkafa, tunda da ita aka san jiharmu. A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoma rance a watan Nuwamba na 2015, a ƙarshen 2016 aka fito da shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas, muna da manyan injinan casa irin su Labana a cikin gari da WACOT a Argungu, ga fadamun Suru da Augie da Yauri suna noma damina da rani. Duk da haka har yau za ka ga magidanci ya shiga kasuwa ya ce shi 'yar waje yake so, ya biya ƙarin kuɗi a kan buhu mai rubutun Tailan ko Indiya, alhali kowa ya san akwai 'yan kasuwar da ke juye ta gida a cikin buhun waje su ɗinke. A irin wannan hali ƙarin kuɗin da ya biya na buhu ne kawai.

Ra'ayina shi ne mai saye na yau ya rage sanin kaya, ya koma dogaro da suna da leda da abin da ya gani a waya. Iyayenmu suna cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, kuma sun iya gane nagarin da idonsu da hannunsu. Mu kuwa talla ce ke gaya mana wane ne nagari, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mutumin da ba ya iya tantance abin da yake saye ya miƙa wa wani ikon aljihunsa. Ina son in ji ta bakin 'yan kasuwa da matan aure musamman.

Alhajin Jega:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar juye shinkafa gaskiya ce, kuma ha'inci ne da ba zan kare masu yin sa ba. Amma a yi wa mai saye adalci. Mutanen da suka tashi suna tsince tsakuwa a faranti kafin a ɗora tukunya, suka kuma sha taunar dutse a cikin abinci, ba za su manta da wannan ba don kawai an kafa injin da ke fitar da tsakuwa a 'yan shekarun nan. Sunan kaya yakan daɗe a bakin mutane bayan kayan sun canza. Sannan da can idan mace ta zo sayen shinkafa a buɗaɗɗen buhu, takan cusa hannu ta ɗebo daga can ƙasa, ta baza a tafinta ta duba yawan karyayyu, ta sansana ko ruwa ya taɓa ta, ta jefa ƙwaya biyu a baki ta ciza ta ji bushewarta. Yanzu buhu a ɗinke yake zuwa daga kamfani, ni kaina da nake sayarwa ba na buɗe shi. To me ya rage mata ta duba, in ba rubutun jikin buhun ba?

Babban canjin da nake gani a shago ma wani ne daban. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, yawancin masu zuwa wurina sun daina tambayar kuɗin gwangwani ko kuɗin mudu. Sai mutum ya miƙo abin da ke hannunsa ya ce a ba shi na 300 ko na 500. Kamfanoni sun riga mu fahimtar haka, shi ya sa madara da sabulun wanki da man girki da tumatir duk suka koma ƙananan ledoji, kuma idan tsada ta zo sai a bar farashin ledar yadda yake a rage abin da ke ciki, domin mai saye yana riƙe farashi a kansa amma ba ya riƙe nauyi.

Hajiyar Argungu:

Malam Bakabe, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin ka yi maganar kamar mutum ɗaya ne ke yanke shawarar sayayya a gida. A mafi yawan gidajenmu mutum uku ne. Maigida ne ke ba da kuɗin cefane, matar gida ce ke lissafin yadda zai isa, yaro kuma shi ake aika shago. Maigida ya san abin da ya samu, matar ta san abin da tukunya ke ci, yaron kuwa sunan kaya kawai zai iya riƙewa, shi ya sa dole a ce masa ya sayo mai jar leda ko mai hoton kaza. Wani ɓangare na dogaro da suna da kake kuka da shi daga nan ya taso, kuma ban ga laifinsa ba.

Game da shinkafa, ba farinta ko sunanta kawai muke dubawa ba. Muna duba auki, wato ko kwano ɗaya zai cika faranti nawa bayan ta dahu. Muna duba ko tana caɓewa, domin wadda ta dace da tuwo daban, wadda ta dace da dafa-duka ko shinkafa da wake daban. Muna duba tsawon lokacin da take ɗauka a kan wuta, saboda gawayi da gas yanzu sun shiga cikin kuɗin abinci. Idan wata ta fi tsada kaɗan amma ta fi auki kuma ba sai an tsaya tsinta da wanki sau da yawa ba, to a lissafin mai girki ita ce mai araha. Akwai ta gida da ta cika duk waɗannan sharuɗɗa, ita nake saye, kuma na san mata da yawa da suka koma mata bayan rufe iyakoki na watan Agusta na 2019 ya tilasta musu gwada ta.

Karin maganar da ka kawo kuma na mai kuɗi ne a hannu. Matar da aka bai wa kuɗin yini ɗaya ta san sarai cewa buhu ya fi awo sauƙi, babban gwangwani ya fi ledoji goma sauƙi, takalmi mai ƙwari ya fi na roba daɗewa. Ilimin tana da shi, jarin ne babu.

Ɗalibin Aliero:

Iyayena, ku ba ni dama in sa baki da ɗan abin da muke karantawa, domin masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan tambaya. Tsohon ra'ayin masana tattalin arziki shi ne mai saye yana auna komai ya zaɓi mafi amfani gare shi. Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel a 1978, ya ce ɗan Adam ba shi da lokaci ko bayanin da zai yi haka, abin da yake yi shi ne ya tsaya a kan na farkon da ya gamsar da shi. Daga baya Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna a 1974 cewa lambar farko da mutum ya ji tana jan hukuncinsa ko da ba ta da alaƙa da tambayar. Sun juya wani faifai mai lambobi a gaban mutane, suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka; waɗanda faifan ya tsaya musu a 10 suka yi kintace wajen 25, waɗanda ya tsaya musu a 65 suka ce wajen 45. Duk ɗan kasuwar da ya fara faɗin kuɗi mai yawa kafin a taya yana aiki da wannan, haka ma mai talla a intanet da ke rubuta tsohon farashi ya soke shi da layi ya sa sabo a gefe.

Abin da ya fi kusa da maganar Baba Alhaji shi ne na George Akerlof na 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba, mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin nagari ba, sai masu nagarin su janye, kasuwa ta cika da marasa kyau. Suna da tambari da garanti hanyoyi ne na toshe wannan ɓaraka, shi ya sa mai juye shinkafa a buhun wani yake lalata amanar kasuwar gaba ɗaya.

Maganar Mama Hajiya ita ma akwai bincike a kanta. A 2013 an wallafa wani nazari da aka yi a kan manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya, aka gwada tunaninsu kafin girbi lokacin da suke cikin ƙunci da bashi, aka sake gwada su bayan sun karɓi kuɗi, sai aka ga mutanen nan dai sun fi ƙoƙari bayan girbi. Damuwar rashi tana cinye wani kaso na hankalin mutum. Manomin da ya sayar da shinkafarsa da araha da kaka ya dawo yana awo da tsada a tsakiyar damina ya san abin da zai biyo baya, bashin taki da hidimar gida ne suka yanke masa shawarar.

Baba Ɗan Fansho (Yauri):

Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka. Abin da Turawan nan suka rubuta, tsohuwar kasuwarmu ta tanadar masa magani tun kafin su rubuta. Mai kaya ya faɗi kuɗi, kai kuma ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ka yi kamar za ka wuce, ya kira ka, har a kai inda zai ce ya sallama. Wannan ja-in-jar tana ba mutum lokacin da zuciyarsa za ta kwanta ya tambayi kansa ko da gaske yana bukatar abin. Bayan an auna kuma akwai gyara. Idan dabba ce ko hatsi mai yawa, akwai dillali da ya san ku duka biyu, yana karɓar la'adarsa amma sunansa na cikin cinikin, gobe idan aibi ya bayyana wurinsa za ka koma. In abin ya gagara akwai sarkin kasuwa. Duk wannan yana tafiya a kan sanin juna, domin wanda ya cuce ka yau zai haɗu da kai a masallaci ko a wurin jana'iza.

Ba na cewa da can babu cuta. Akwai masu buga gindin mudu ya shige ciki, akwai masu jera manyan albasa a bakin buhu su cusa ƙanana a tsakiya. Amma cutar a gaban idonka take, wanda ya iya dubawa zai kama ta. A babban kanti na zamani an manna farashi, babu tayi, babu gyara, babu wanda za ka yi magana da shi sai yarinyar da ke karɓar kuɗi, kuma an jera alewa da biskit daidai inda za ka tsaya biya tare da jikanka. Ina yaba tsabtar wurin da rasit ɗin da ake bayarwa, amma na lura duk lokacin da na shiga da niyyar abu biyu sai in fito da fiye da haka. Ga mai jiran fansho wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai POS a Kamba:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina son in ƙara wani abu da ba a ambata ba, wato yadda hanyar biyan kuɗi ke canza halin mai saye. Kafin canjin kuɗi mutanen ƙauyukanmu ba sa yarda da komai sai takardar naira a hannu. Da aka fito da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000 a watan Disamba na 2022, tsabar kuɗi ta ɓace a watannin farko na 2023, har gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A tsakanin nan kaya ɗaya ya zama yana da farashi biyu, na kuɗi hannu da na taransifa, kuma manomi ya sayar da hatsi da dabba a wulaƙance ga duk wanda ya riƙe tsabar kuɗi. Daga lokacin ne mai nama da mai shayi da mai kifi suka buɗe asusun OPay ko Moniepoint ko PalmPay, kuma ba su rufe ba bayan kuɗi sun dawo.

Abin da nake gani a teburina shi ne mutumin da ya ciri kuɗi ya ƙirga a hannunsa yakan tsaya ya yi tunani kafin ya rabu da su, amma wanda ke dannawa a waya ba ya jin fitar su sai ya duba abin da ya rage. Matasa da yawa sukan zo su ce in duba musu, ba su san inda albashi ya tafi ba, idan aka bi sai a ga data ce da katin waya da ƙananan oda. A nan bakin iyaka kuma muna da ƙarin lissafi, domin darajar sefa a kan naira ce ke nuna ko mutanen Nijar za su tsallako su kwashi kaya ko mu ne za mu tsallaka. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yamai na watan Yuli na 2023, mai saye a Kamba abin da ya samu kawai yake ɗauka.

Bazamfara (Gusau):

Ni ina cikin waɗanda ake zargi, domin a WhatsApp da Facebook nake sayar da atamfa da leshi da abaya, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. A Zamfara rashin tsaro ya shiga cikin kowace shawarar sayayya. Matar da ke Kaura Namoda ko Talata Mafara da da can za ta shigo Gusau ko ta wuce Kano ta zaɓi kayan ɗakin 'yarta da hannunta, yanzu sai ta auna hatsarin hanya da kuɗin mota, ta gwammace ta zaɓa a hoto a ba direba a tasha ya kai mata. Mun san muhimmancin wayar nan ne a watan Satumba na 2021 da aka katse layukan sadarwa a jihar aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. Masu irin sana'ata sun zauna babu ciniki ko ɗaya.

Abin da ke sa mace ta saya a wurina ta bar wata mai kaya iri ɗaya da farashi mafi sauƙi shi ne ƙawarta ta taɓa saye ta ga abin ya zo daidai. Sabuwar mai saye takan fara da ƙaramin abu ta gwada ni. Takan ce in ɗauki hoton zanen a rana ba a ɗaki ba, in yi bidiyo ina murza shi a hannu, in nuna mata rubutun gefensa. Wato irin binciken da Baba Alhaji ya ce ana yi wa shinkafa bai mutu ba, hanyar yin sa ce ta canza.

Sai dai ba zan ɓoye ba, akwai dabarun da ake amfani da su waɗanda ba na jin daɗinsu. A rubuta saura guda biyu alhali akwai dila guda a ɗaki. A sa ƙawaye su riƙa rubuta yabo a ƙarƙashin hoto kamar sun saya. A biya wata mai yawan mabiya a TikTok ta ce ita ma da man nan take shafawa, ba tare da ta faɗi cewa biyan ta aka yi ba. Mafi muni shi ne mayukan canza launin fata da haɗe-haɗen da babu lambar NAFDAC a jikinsu, waɗanda ake sayar wa 'yan mata da alƙawarin da kowa ya san ƙarya ne.

Bakabe (Birnin Kebbi):

Na gode muku duka. Hajiya, na karɓi lissafinki a kan cefane, kuma talaucin da ke hana mutum sayen buhu ba abin zargi ba ne. Amma ina nan a kan bakana game da wani ɓangare, kuma maganar 'yar'uwarmu ta Gusau ta ƙarfafa ni. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, ta abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne. A cikin wannan hali ne ake fitar da anko kala biyu ko uku a biki ɗaya, ake ƙara yawan akwatunan lefe, saurayi ke karɓar waya a kan bashi don kawai an fito da sabuwa. Wannan ba rashi ne ya jawo shi ba. Yayi ne da tsoron bakin mutane, kuma wayar hannu ta ninka shi, domin da can da maƙwabtanka kake gwada kanka, yanzu kuwa da masu kuɗin Abuja da Dubai.

Hajiyar Argungu:

Malam, a kan wayar bashi da yawan akwatuna ina tare da kai. Amma anko da gudummawar biki suna da wata fuska da maza ba sa gani. Matar da ta yi ankon 'yar maƙwabciyarta ta kai gudummawa, ajiya ta yi, domin ranar nata bikin ko ranar haihuwa ko rashin lafiya waɗannan matan ne za su tsaya mata, kuma kowa na riƙe da lissafin abin da aka kawo mata. Wadda ta janye daga wannan ta tsira da kuɗin zane amma ta rasa mutane, kuma a garin da babu inshora mutane su ne madogara. Inda abin ya ɓaci shi ne lokacin da uwar biki ta zaɓi zanen da ta san rabin ƙawayenta sai sun ci bashi ko sun taɓa kuɗin adashi, ko ta ɗora riba a kai a ɓoye. Gyaran yana hannun masu fitar da ankon, su zaɓi abin da mafi ƙarancin ƙarfi a cikinsu za ta iya.

Malamin Islamiyya (Gwandu):

Bismillahi. Na ga ana maganar sayayya ta waya kamar sabon abu ne da shari'a ba ta san shi ba, alhali malamanmu na Malikiyya sun yi bayaninsa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure a ƙasar nan, an halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, amma an hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa, sai idan kayan na kusa ko kuma irin waɗanda ba a tsoron canzawarsu ne. Idan kaya suka zo ba bisa siffar da aka faɗa ba, ciniki bai lizimci mai saye ba. A wannan babin ne aka hana algus da yaudara da ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da mai kyau, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa.

Asalin wannan shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci ya sa hannunsa a ciki ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Yabon ƙarya da 'yata ta Gusau ta ambata kuwa ɗan'uwan najashi ne, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani, kuma an hana shi a hadisi ingantacce.

Mai saye ma akwai nasa nauyin. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda idan za su ciyar ba sa almubazzaranci ba sa kuma ƙwauro. Sannan a shekarar 2024 na ga masu hali suna kwasar hatsi fiye da bukatarsu saboda tsoron ƙarin tsada, wannan rububin da kansa ya ƙara wa talaka tsadar da ake gudu.

Bazamfara (Gusau):

Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya a kan biya kafin karɓa. Idan na tura kaya Shinkafi ko Anka ba a biya ba, mai oda ta ce ta fasa, kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina yake, wani lokaci ma kayan ba sa dawowa. Akwai kuma masu turo alat na bogi. Abin da nake yi shi ne a biya tukuna, amma na yi alƙawari a rubuce cewa idan kaya suka saɓa wa hoto zan karɓa in mayar da kuɗi. Ina fatan Malam zai duba mana wannan a karatu na gaba, domin mu da yawa ne a cikin wannan hali.

Ɗalibin Aliero:

Yaya, kafin Malam ya amsa ta fuskar shari'a, dokar ƙasa ma ta yi magana a kan alƙawarin da kike yi. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da aka kawo masa ba tare da ya samu dubawa ba idan sun saɓa wa siffar da aka faɗa, a ba shi kuɗinsa. Ta kuma hana tallar yaudara, ta hana a karɓi fiye da farashin da aka manna. Don haka takardar da ake liƙawa a shaguna cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba ta soke haƙƙin mutum idan kayan na da aibi. Matsalar ita ce mafi yawan mutanenmu ba su san da dokar ba, ba sa karɓar rasit, kuma idan an cuce su sai su ce sun bar wa Allah, mai cutar kuma ya samu na gaba.

Alhajin Jega:

Ɗana, irin takardar nan akwai ta a shagona, kuma zan gaya maka dalilinta. Ni ma mai saye ne. Idan na saro katan na fitilu masu caji ko batir daga hannun dila a Kano ko Anaca, ba a buɗe mini ɗaya bayan ɗaya, kuma idan na tarar da matattu a ciki babu wanda zai karɓa daga hannuna, dilan zai ce shi ma haka aka ba shi. Duk da takardar, wanda na sani idan ya dawo da abu da aibi na gaskiya ina canza masa, domin rasa shi ya fi mini asara a kan fitila ɗaya. Takardar tana nan ne saboda wanda zai yi amfani da abu mako guda ya lalata shi da hannunsa ya dawo da shi.

Haka nake amsa masu cewa mun ƙi sauke farashi lokacin da hatsi ya sauko a 2025, bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024. Wanda ya cika sito da tsada ba ya iya saukewa rana ɗaya, kuma 'yan kasuwa da manoma da dama sun karye a wannan saukar. Abin da nake son ka binciko mana shi ne ko dokar nan ta ba ɗan tireda irina damar mayar wa dila ko kamfani kayan da suka zo a lalace, da kuma inda ake kai ƙorafin daga nan Kebbi. Idan akwai wannan hanya, zan kai maganar gaban shugabannin kasuwarmu a zama na gaba.